Daga Bron Zuwa Ajin Firamare a Ƙasar Hausa: Tsokaci a kan Littafin Écalle da Magnan Game da Koyon Karatu

Gabatarwa

A garin Bron, gabas da birnin Lyon na ƙasar Faransa, akwai harabar Jami'ar Lyon ta Biyu, inda wani ɗakin bincike ya daɗe yana nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa harshe. A nan Jean Écalle da Annie Magnan suka shafe shekaru suna bibiyar yadda yaro ke tashi daga kallon haruffa zuwa fahimtar rubutu. Sun tattara sakamakon aikinsu a littafin L'apprentissage de la lecture et ses difficultés, wato koyon karatu da matsalolinsa, wanda kamfanin Dunod na Paris ya fara bugawa a 2010. Wannan muƙala ta auna littafin da ma'aunin Hausar boko, domin gano abin da malamin firamare a Katsina ko Maraɗi zai ɗauka daga ciki, da abin da sai ya sake wa fasali kafin ya yi masa amfani.

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Marubutan sun gina aikinsu a kan ra'in da Gough da Tunmer suka gabatar a 1986, cewa karatu ya dogara da ƙwarewa iri biyu: gane kalmar da aka rubuta, da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Idan ɗaya ta yi rauni, karatu ya gurgunce. Wannan rabe-rabe yana da amfani a aikace, domin yaron da ke tuntuɓe wajen haɗa baƙi da wasali ba magani ɗaya yake buƙata da wanda ke karantawa sumul amma bai san abin da ya faɗa ba.

Littafin ya ba da muhimmanci ga abin da yaro ya sani tun kafin a fara koya masa karatu, musamman sunayen haruffa da iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma. Haka kuma binciken marubutan ya ɗauki gaɓa a matsayin tsani tsakanin harafi da kalma ga yaron da ke jin Faransanci. A kan wannan suka samar da manhajar kwamfuta mai suna Chassymo, inda yaro zai ji gaɓa, ya gan ta a rubuce, sannan ya nuna gurbinta a cikin kalmar da aka furta masa. Ƙarfin littafin shi ne kowane ra'i yana tafe da hanyar gwaji da hanyar gyara.

Inda Littafin Ya Dace da Hausa

Batun gaɓa ya fi zama daram a Hausa fiye da Faransanci. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya kama wannan tsari zai raba ma-ka-ran-ta ba da wahala ba. Dama tsohuwar hanyar rera ba, bi, bo, bu, be a azuzuwan farko a kan gaɓa ta ginu.

Makarantar allo ma ta riga ta bi wannan tafarki. Almajiri yakan fara da babbaƙu, inda yake koyon haruffa da sunayen da Hausawa suka laƙaba musu bisa siffarsu, irin su ba-guje da mim-jaye, kafin ya shiga farfaru, inda ake ɗora wa kowane baƙi wasalinsa. Abin da masu bincike a Bron suka tabbatar da gwaji game da sanin sunan harafi da haɗa gaɓa, alaramma yana aiki da kwatankwacinsa tun da daɗewa.

Inda Ya Gaza Isa

Matsalar yaron Faransa ta fi tsanani a wajen rubutawa. Yana jin sauti ɗaya, amma sai ya zaɓa tsakanin o da au da eau, ga kuma haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa. A Hausar boko al'amarin ya juya. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer ya fitar a 1912, rubutun yau da kullum bai ɗauki karin sauti da tsawon wasali ba. Saboda haka rubutawa tana da sauƙi, sai dai mai karatu ne zai mayar da abin da alƙalami ya bari.

Kalmar gari tana iya nufin birni ko garin tuwo. Fari na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Suna na iya zama abin da ake raɗa wa jariri, ko kuma wanda ke cikin suna zuwa. Abin ya shiga har cikin nahawu: ya tafi da ke ba da labarin abin da ya riga ya faru, da ya tafi da ke cikin a gaya masa ya tafi, rubutunsu ɗaya ne, furucinsu daban. Yaro zai iya gane kowane harafi daidai, amma ba zai furta kalmar daidai ba sai ya san ta a baka, ya kuma fahimci jimlar da ta zo a ciki.

Wannan ya taɓa tushen littafin. A Hausa, fahimta tana shiga cikin gane kalma tun daga matakin farko, don haka ƙwarewar nan guda biyu ba sa rabuwa sosai a wajen gwaji. Jarrabawar da ke jera kalmomi ɗaiɗai ba tare da jimla ba, tana ƙirga nawa yaro ya karanta a minti ɗaya, tana iya ba da maki ga furucin da bai dace ba, ko ta hana maki ga wanda ya dace. Shirye-shiryen karatun farko da Hausa, irin su Mu Karanta! da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato, suna buƙatar ma'aunin da ya san da wannan.

Gibi na biyu ya shafi yaron da littafin ya sa a gaba, wato mai koyon rubutu iri ɗaya a harshen da yake ji a gida. Ɗan Bahaushe kuwa sau da yawa yana zuwa aji ɗaya bayan hannunsa ya saba bin allo daga dama zuwa hagu. A Nijeriya Ingilishi yana jiransa, duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi fara koyarwa da harshen uwa. A Nijar kuwa mafi yawan yara da Faransanci suke fara karatu, ko da yake an buɗe makarantun gwaji masu amfani da harsunan gida tun 1973. Yaron Maraɗi da aka ba manhajar gaɓoɓin Faransanci zai iya ƙwarewa a haɗa sautuka, alhali kalmomin da ya haɗa ba su da ma'ana a kunnensa. Bisa ra'in da marubutan kansu suka dogara da shi, wannan bai kai karatu ba.

Kammalawa

Littafin Écalle da Magnan ya cancanci manazarta Hausa su karanta shi, domin ya nuna yadda ake gano takamaiman wurin da yaro ya maƙale maimakon a yi masa kuɗin goro da sunan daƙiƙanci. Sai dai kayan gwajinsa ba za su fassaru kai tsaye ba. Aikin da ke gaban sassan Hausa da na ilimi a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai shi ne tsara gwajin da zai sanya kalmomi irin su gari da fari a cikin jimla, ya auna yawan kalmomin da yaro ya sani a baka, ya kuma rubuta matakin da ya kai a allo kafin ranar da ya fara riƙe fensir.