Ƙofa A Buɗe: Sharhi A Kan Ɗaukar Ɗalibai A Kwalejojin Sana'a Na 'Yan Kasuwa A Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna wani kirari da kwalejojin koyon sana'a na 'yan kasuwa a Amurka suke yi wa kansu, wato cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa, kuma ajujuwansu cike suke da baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da iyaye mata masu renon 'ya'ya su kaɗai, da tsofaffin sojoji. Za a yi misali da kamfanin Corinthian Colleges, wanda aka kafa a 1995, mai makarantun Everest da Heald da WyoTech. A 2010 ɗalibansa sun haura 110,000 a rassa 105.

2.0 Gaskiyar Da Ke Cikin Kirarin

Adalci ne mu fara da abin da yake gaskiya. Waɗannan makarantu sun lura da buƙatar magidanci mai aiki da rana, suka tanadi darasin dare, suka taƙaita kwas zuwa 'yan watanni, suka sauƙaƙa rajista. Masaniyar halayyar zaman jama'a Tressie McMillan Cottom, wadda ta taɓa aikin ɗaukar ɗalibai a irin waɗannan makarantu, ta nuna a littafinta Lower Ed (2017) cewa tsoron rasa abin yi ne yake kora talaka neman takardar shaida ko ta halin ƙaƙa. Ke nan buƙatar ta gaskiya ce. Abin tambaya shi ne, wa ya ci moriyar biyanta?

3.0 Ofishin Ɗaukar Ɗalibai

Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Mafi yawan kuɗin shigar waɗannan kamfanoni daga gwamnatin tarayya yake fitowa, ta hanyar tallafi da rancen karatu da ake bai wa ɗalibi. Gwargwadon talaucin ɗalibi, gwargwadon tallafin da ya cancanta. Saboda haka matalauci shi ne mai ciniki mafi daraja, ofishin ɗaukar ɗalibai kuwa ya koma rumfar dillanci.

Rahoton kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Tom Harkin, wanda ya fito a 2012 bayan binciken kamfanoni 30, ya tabbatar da haka. A 2009 kamfanonin sun kashe kashi 22.7 bisa ɗari na kuɗin shigarsu wajen talla da farautar ɗalibai, koyarwa kuwa ta sami kashi 17.2 kawai. A 2010 suna da masu farautar ɗalibai 35,202, alhali masu taimaka wa ɗalibi samun aiki 3,512 ne. Haka kuma, fiye da rabin waɗanda suka shiga a zangon 2008 zuwa 2009 sun fice ba tare da takardar shaida ba kafin tsakiyar 2010, sai bashi a wuyansu.

Game da Corinthian, ƙarar da Kamala Harris ta shigar a 2013, tana Babbar Lauyar Jihar Kalifoniya, ta zargi kamfanin da kai farmakin talla da gangan ga marasa galihu, musamman masu renon 'ya'ya su kaɗai. A 2015 Ma'aikatar Ilmi ta ci tarar kamfanin kimanin dala miliyan 30 saboda ƙarya a ƙididdigar ɗaliban Heald da suka sami aiki. Cikin misalan da ma'aikatar ta kawo har da wata wadda ta gama kwas ɗin akanta a 2011, aka lissafa ta cikin masu aiki a fanninsu, alhali abinci take sayarwa a Taco Bell tun 2006. A shekarar ce kamfanin ya durƙushe, ya bar ɗalibai wajen 16,000 a rana.

4.0 Raunin Ma'aunin

Daga abin da ya gabata za mu ga inda kirarin ya gaza. Ƙididdigar launin fata da jinsi da ake bajewa a takardun talla tana bayyana wanda ya shiga ne kurum. Ba ta faɗin wanda ya kammala, ko wanda ya sami aikin da aka yi masa alkawari, ko yawan bashin da ya fita da shi. A jami'ar da take tantancewa, yawan 'ya'yan talakawa yana iya zama alamar an rushe wani shinge. A makarantar da ribarta ta rataya a kan adadin kawuna, adadin nan yana iya zama shaidar inda aka kafa tarko. Kuskure ne manazarci ya karanta alƙaluman biyu da fassara ɗaya.

5.0 Kammalawa

A 2022 gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar yafe bashin dala biliyan 5.8 da ke kan tsofaffin ɗaliban Corinthian 560,000. Masu biyan haraji ne suka ɗauki asarar, shekarun da ɗaliban suka ɓata kuwa ba mai mayar musu. Shawarar wannan takarda ga masu nazarin ilmi ita ce, duk makarantar da ta yi tinƙaho da buɗaɗɗiyar ƙofa, a nemi ta kawo adadin waɗanda suka kammala, da irin aikin da suka samu, da bashin da ake bin su, kowane rukuni daban. Kyan alkawari dai cikawa.