Raha a Cikin Ciwo: Tsokaci a Kan Littafin Sorrow and Bliss na Meg Mason

Daga cikin littattafan ƙetare da muka duba domin darasin kwatanta adabi a kwalejojin ilimi, babu wanda ya ja mu muhawara kamar Sorrow and Bliss, ƙagaggen labari na Meg Mason, haifaffiyar Niyu Zilan mazauniyar Ostireliya. An fara buga shi a 2020, ya kuma shiga jerin littattafai shida na ƙarshe a gasar Women's Prize ta 2022. Mun karanta shi muna dariya, kuma dariyar ce ta haifar da tambayar da ta shafi manhaja: shin ya dace a sa wa ɗalibai littafin da ke raha a kan taɓin hankali?

Tauraruwar, Martha Friel, ita ke ba da labarin da bakinta. Jim kaɗan bayan walimar cikarta shekara 40, mijinta Patrick, wanda likita ne, ya bar mata gidansu na Oksfod. Daga nan marubuciyar ta yi waiwaye zuwa Landan, inda ciwon ya fara kama Martha tana da shekara 17, a gidan uba mawaƙi da ya kasa kammala diwaninsa da uwa mai sassaƙa wadda giya ta rinjaya.

Abin lura shi ne bakin da rahar ke fitowa. A yawancin tatsuniyoyi da wasannin kwaikwayon da ɗalibanmu suka saba da su, mahaukaci abin dariya ne, ana kallonsa daga nesa. A nan kuwa maras lafiyar ce mai kaifin harshe. Ita ke ba'a ga likitoci da maƙwabta da kanta, kuma mai karatu yakan farga bayan ya dara cewa maganar garkuwa ce. Zolayar da ke tsakaninta da ƙanwarta Ingrid ita ce mafi armashi a littafin, domin a cikinta 'yan'uwan biyu ke faɗa wa juna abin da ba ya faɗuwa kai tsaye.

Warwarar jigon aure ta fi ba mu abin tattaunawa. Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, amma haƙurin Patrick ya kai matsayin da ya daina gaya wa matarsa gaskiya, ita kuma ta mai da ciwonta hujjar cutar da shi. Ko da aka gano cutar aka dace da magani, halinta bai gyaru nan take ba. Fushi ma ta yi da shi, wai yana likita bai gane ba. Wannan gaskiya ce da ba kasafai marubuta ke yarda su faɗa ba.

Marubuciyar ba ta ambaci sunan cutar ba. Duk inda ya kamata ya fito, sai ta ja layi, sannan ta bayyana a ƙarshe cewa alamomin ba su dace da wata takamaimiyar cuta ba. Mun yaba dabarar domin ta hana a mai da Martha sunan ciwo kawai, sai dai tana da illa: littafin ya ɗora sauyin rayuwarta a kan samun sunan, sannan ya hana mai karatu shi. Haka kuma Martha na da dangi masu hali da likita na kuɗi, gatan da yawancin masu irin lalurarta ba su da shi.

Saboda shaye-shaye da ɓarin ciki da tunanin kashe kai da ke cikinsa, ba mu ba da shawarar a kai shi sakandare ba. Muna ganin a zaɓi hirarrakin Martha da Ingrid domin darasin fassara a kwaleji, inda za a ga ko habaici da gatse na Hausa za su iya ɗaukar rahar Turawan Ingila, wadda ake yi ba tare da an saki fuska ba.