Sharhi a Kan Maƙalar Wing da Matsayinta a Darasin Kimiyya

Manufar wannan takarda ita ce a duba maƙalar da Jeannette Wing ta buga a shekarar 2006, inda ta yi kira a koya wa kowane yaro tunani irin na mai tsara aikin kwamfuta. Watau ya iya rarraba matsala gida-gida, ya watsar da abin da bai shafe ta ba, sa'an nan ya jera matakan warware ta bi da bi. Kiran ya sami karɓuwa. A 2013, sabon ma'aunin koyar da kimiyya da jihohin Amurka da dama suka ɗauka ya sanya wannan tunani, haɗe da lissafi, cikin ayyuka 8 da ake so ɗalibi ya naƙalta.

A ganina, raunin maƙalar shi ne ta ɗauki wannan tunani tamkar gwaninta mai zaman kanta, wadda in yaro ya same ta, za ta bi shi cikin kowane fanni. Alhali tun 1984 Roy Pea da Midian Kurland suka bi diddigin irin wannan da'awa game da koyon tsara aikin kwamfuta, ba su tarar da gamsasshiyar hujja ba.

Seymour Papert, a littafinsa Mindstorms na 1980, ya fi kusa da bukatar malamin aji. Yaron da ke umurtar kunkurun Logo ya matsa kaɗan, ya juya kaɗan, har digiri 360 su cika, da'ira yake nazari, kwamfutar kuwa hanya ce kawai.

Haka ya kamata a yi a darasin kimiyya. Alal misali, a ɗauki dutsen da aka saki daga bisa. Ɗalibi zai tsara doka: bayan kowace daƙiƙa a ƙara wa saurin dutsen mita 9.8 a daƙiƙa, a lissafa tazarar da ya ci, a maimaita. Da ya gwada da gashin tsuntsu, lissafin zai saɓa wa abin da ido ya gani, sai ya gane iskar da ya watsar tana da tasiri. Allo da alli ma sun isa wannan aiki.

Saboda haka ina ba masu tsara manhaja shawara kada su ware wa wannan tunani darasi na dabam su bar kimiyya a kan hadda. A horar da malamin kimiyya shi kansa, a kuma auna ɗalibi da abin da ya fahimta game da faɗuwar dutsen.