Jaridar Manchester Guardian da Yaƙin Bowa

Sa'ad da Ingila ta shiga yaƙi da Bowa, wato Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, cikin 1899, yawancin jaridun Ingila kirari suka yi ta yi wa soja. Manchester Guardian ta ƙi. Editanta, C. P. Scott, ya aiki J. A. Hobson can, shi kuwa ya rubuto cewa attajiran zinariya ne suka hura wutar. Cikin 1901 jaridar ta baza labarin da Emily Hobhouse ta kawo na sansanonin da aka tsare matan Bowa da 'ya'yansu, inda fiye da mutum 26,000 suka mutu. Masu sayenta suka ragu, har sai da 'yan sanda suka yi gadin ofishinta. Wannan ƙarfin hali ya isa yabo.

Amma da sauran magana. Baƙar fata ma an tsare su a nasu sansanonin, dubbai suka mutu, duk da haka yawancin kukan jaridar na Bowa ne. Ta ga zalunci sarai da ya faɗa kan Bature. Na 'yan ƙasa kuwa, waiwaye kaɗan ta yi masa ta wuce.