Waƙar da Aretha ta ƙwace

A watan Yunin 1967, a bikin waƙe-waƙe na Monterey da ke Kalifoniya, Otis Redding ya tashi zai rera "Respect", sai ya fara da zolaya: wai wata yarinya ta ƙwace masa wannan waƙa. Da raha ya faɗa, amma bai yi ƙarya ba. A watan nan waƙar ta hau saman jadawalin Billboard na Amurka, kuma da muryar Aretha Franklin ta hau.

Otis ne ya rubuta ta, ya ɗauke ta a 1965 a kamfanin Stax na Memphis. Wanda ya saurari tasa zai ji magidanci ne ya dawo daga nema a gajiye, ƙahonni na bin sa a guje, Al Jackson na dukan ganga kamar mai sussuka. Buƙatarsa ba ta da yawa: ya kawo kuɗi gida, to a ba shi girmansa idan ya shigo. Maganar maigida ce da kunne ya saba ji, waƙar kuma ta tsaya a mataki na 35 a jadawalin Billboard.

A wajen mawaƙan soul, ɗaukar waƙar wani ba abin kunya ba ne. Yawancinsu a coci suka koyi waƙa, inda kowa ya haddace baitin, gwaninta kuwa tana ga yadda ka ja shi, inda ka dakata, inda ka saki murya. Otis kansa, a faifan Otis Blue da "Respect" take ciki, ya rera "Satisfaction" ta Rolling Stones da wasu waƙoƙin Sam Cooke. Aretha kuma a wannan makarantar ta tashi, 'yar Fasto C. L. Franklin ce na Detroit.

Ranar 14 ga Fabrairun 1967 ta shiga ɗakin ɗaukar sauti na Atlantic a New York, ta zauna kan fiyano da kanta. Jerry Wexler ke jagorantar aikin, an ɗauko makaɗa daga Muscle Shoals, yayarta Erma da ƙanwarta Carolyn su ne 'yan amshi. Abin mamaki, kalmomin da ta sauya kaɗan ne. Mai maganar ta sauya. Yanzu mace ce ke da kuɗin, ita ke faɗa wa namiji abin da take bi bashi, har da gargaɗin wata rana zai iya shigowa ya tarar ta tafi. Otis kusan shi kaɗai yake kukansa. Ita kuwa duk abin da ta faɗa mata biyu na mayar mata, sai ka ce 'yan'uwa sun zo taya ta faɗa. Bayan busar King Curtis da baiti na ƙarshe, sai kiɗan ya riƙa tsayawa cak, ta furta sunan waƙar harafi-harafi, kamar mai koya wa yaro karatu. A ganina nan ne waƙar ta bar hannun Otis, domin wannan gaɓar babu ita a tasa ko kaɗan.

Zamanin ma ya taimaka. Baƙaƙen fata na neman 'yancinsu, a watan Yuli tarzoma ta ɓarke a Detroit ɗin ta ci rayuka 43, mata kuma sun fara ɗaga murya. Kowa ya ji kamar da bakinsa ake magana. A 1968 waƙar ta kawo mata kyautar Grammy biyu, a 2021 mujallar Rolling Stone ta sa ta a gaban duk waƙoƙi 500 da ta jera.

Wasu ma sun taɓa rera ta: The Rationals na Michigan tun 1966, Stevie Wonder a 1967, Adeva da salon rawar kulob a 1989. Amma yau duk wanda ya ɗauki makirfo zai yi "Respect", Aretha yake kwaikwayo, da amshin da jera haruffan duka.

Sai batun kuɗi. A dokar Amurka, gidan rediyo na AM ko FM idan ya sa waƙa, marubuci da mai haƙƙin wallafa yake biya, wanda ya rera ba ya samun komai. Otis ya rasu a hatsarin jirgin sama a Wisconsin ranar 10 ga Disambar 1967, yana da shekara 26. Aretha ta rayu har 2018 tana jin muryarta a rediyo, kuɗin na tafiya da sunan Otis.