Don Kihote da Kalmar da Ta Fito daga Sunansa

Idan Bature mai jin Ingilishi ya ga mutum ya ɗauko wani buri mai kyau wanda ba zai yiwu ba, ya kuma dage a kai, sai ya ce aikin nasa quixotic ne. Masu Faransanci su ce donquichottisme, mutanen Sifaniya kuma quijotesco. Duk daga sunan mutum ɗaya suka fito, wato Don Kihote, tauraron littafin da Miguel de Cervantes ya fitar da kashinsa na farko a 1605, na biyu a 1615.

Wani dattijo ne a yankin La Manca, ɗan kimanin shekara 50, da ya duƙufa karanta littattafan barade har ya sayar da gonakinsa don sayen su. Karatun ya taɓa masa kai. Ya zaro tsohon sulken kakanninsa, ya hau ramammen dokinsa Rosinante, ya ɗauki manomi Sanco Panza ya zama zaginsa, ya fita gyaran duniya. Ya ga injinan niƙa masu fukafukai da iska ke juyawa, ya ce ƙatti ne, ya auka musu da mashi. Ya ƙwace tasar wanzami ya kifa a ka da sunan kwalkwalin zinariya.

Cervantes ya san yaƙi na gaske. A yaƙin Lepanto, 1571, hannunsa na hagu ya shanye, daga baya ya yi shekara biyar a tsare a birnin Aljiyas. Ya ɗauki alƙalami ne don yi wa littattafan jarumtar ƙarya ba'a, kuma masu karatun farko dariya suka sha. Sai wajen 1800 marubutan Jamus suka fara kallon dattijon a matsayin mai aƙida da duniya ta ƙi fahimta. A 1905 marubuci Miguel de Unamuno ya rubuta littafi guda yana ɗaukaka shi. Tun daga nan kalmar ta zama mai fuska biyu, ana zolaya da ita, ana kuma yabo.

Wannan yabon ne ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin ya dogara ne ga labarin injinan iska, inda ba wanda ya ji ciwo sai dattijon da dokinsa. A babi na huɗu akwai wani labarin da masu yabo ba su cika tunawa da shi ba. Don Kihote ya tarar an ɗaure wani yaro makiyayi, Andires, a jikin bishiya, ubangidansa na zabga masa bulala. Yaron ya ce albashin wata tara yake bin sa. Dattijo ya zare ido, ya sa aka kwance shi, ya sa ubangidan ya rantse da darajar barade zai biya, sannan ya kaɗa linzami ya tafi yana murna. Ko kusa bai yi tunanin cewa rantsuwar barade ba ta ɗaure wanda ba barde ba. Yana ɓacewa ubangidan ya sake ɗaure yaron, ya yi masa dukan kawo wuƙa.

Tausayin gaskiya ne, zaluncin ma gaskiya ne, ba ƙatti na iska ba. Abin da Don Kihote ya rasa shi ne haƙurin tsayawa har a ƙirga kuɗin a tafin hannun yaron. Garin gyaran gira aka rasa ido, idon kuma na wani ne.

Cervantes bai bar zancen nan ba. A babi na 31 ya dawo da Andires gaban jama'a, daidai lokacin da dattijon ke alfahari da ceton da ya yi masa. Yaron ya faɗi yadda dukan ya kwantar da shi a asibiti, ya roƙe shi don Allah kada ya ƙara kawo masa ɗauki ko da ya ga ana yanka shi, ya tsine wa barade baki ɗaya, ya ranta a na kare. Kunya ta rufe Don Kihote, mutanen da ke wurin kuwa da ƙyar suka danne dariya.