Tsakanin Ƙulli da Kan Bel: Abin da Ke Sauyawa a Ƙarƙashin Jalala

Ranar hawa, ido yakan tsaya ne a kan abin da ke sama: jalala mai aikin zare, ɗan goshi yana walƙiya, tuntaye ja da kore suna lilo a wuyan ingarma, mahayi ya sha rawani da alkyabba. Amma duk wanda ya matsa kusa ya ɗaga gefen jalalar, a dawakai da yawa yanzu zai tarar abin da ke riƙe da sirdin majayi ne na nailan ko na fatar waje, da kan bel na farin ƙarfe a bakinsa. Maratayin likkafa ma haka, fata ce mai jerin ramuka. A kumatun dokin kuma, ƙarƙashin adon, wani ɗan kan bel ne ke ɗaga linzami ko ya sauke shi.

Dattawan barga da dama ba sa son ganin wannan. A wurinsu kayan nasara ne suka kutso cikin kayan sarauta. Ra'ayin wannan shafi kuwa shi ne, shigowar ƙarfen da ake iya matsewa a sassauta alheri ce ga doki da mahayi, kuma inda ya kamata a kai ƙorafi daban ne: irin ƙarfen da ake sayowa, da kuma hannun da ke ƙera shi.

Aikin kan bel ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Zobe ne mai kusurwa huɗu, da ɗan harshen ƙarfe a tsakiya da ke faɗawa cikin rami a jikin fata. Na majayi yakan zo da ɗan bututu mai juyawa a leɓensa, don fata ta zame a kai maimakon ta goge idan ana ja. Amfaninsa biyu ne. Na farko, yana ba da awo da ake iya maimaitawa: wanda ya hau jiya a rami na shida, yau ma zai sami tsawon nan a rami na shida, dama da hagu daidai. Shi ya sa masu yin maratayin likkafa a Turai suke buga lamba a gefen kowane rami. Na biyu, ana iya gyara shi da hannu ɗaya, ko da mutum yana bisa.

Tsohon tsari bai rasa hikima ba. Baduku yakan auna kan doki ya ɗinka masa kaya daidai shi, a ɗaure majayi ta zobe a ƙulla, a ƙulla igiyar likkafa daidai ƙafar mai doki. Ƙulli ba shi da ramuka, don haka yana tsayawa duk inda aka so, kuma idan ya tsinke a daji ana iya gyara shi ba tare da neman maƙeri ba. Sai dai wannan tsari ya ginu ne a kan wata rayuwa: doki ɗaya, maigida ɗaya, da bara ko zagi wanda ya shekara yana ɗaura wa dokin nan sirdi har hannunsa ya san inda ƙullin yake tsayawa ko cikin duhu.

Wannan rayuwar ce ta yi ƙaranci. Yau a Kano da Zariya da Katsina, doki ɗaya yakan ɗauki mutane da yawa a mako: wannan ya yi hayarsa don hawan angwanci, wancan don kilisar yamma, wani don saukar karatu, ga kuma Sallah idan ta zo. Dogo ya sauka, gajere ya hau. Kayan ma yawo suke yi tsakanin dawakin da ba girmansu ɗaya ba, daga ɗan Arewa mai ɗan ƙaramin kai zuwa dogon dokin Sudan, har da na Ajantina a bargar masu hali. Kai, doki ɗaya ma ba ya zama da jiki ɗaya duk shekara. Wanda ya ƙoshi da ɗanyar ciyawa da damina, ko aka tsare shi da harawa da dusa da gero gabanin Sallah, majayinsa ba zai yi masa daidai ba a ƙarshen rani. A irin wannan hali, kayan da aka ɗinke a awo ɗaya ko dai su yi sako-sako sirdi ya riƙa gogar baya har ya buɗe miki, ko su matse su ci fata a bayan hammata. Yaron da ya karɓi doki haya na awa biyu ba zai tsaya kwance ƙulli ya sake shi ba. Hawa zai yi a yadda ya samu.

Masu cewa gargajiya ce ake ɓatawa ya kamata su waiwayi tarihin kayan da suke karewa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Sirdi mai kwacciya gaba da baya, da likkafa, da linzami mai zobe, duk ta hanyar Sahara suka iso daga Arewacin Afirka, kafin maƙera da dukawa su karɓe su su mayar da su nasu. Kayan dokin Hausa tun asali kaya ne masu karɓar baƙo.

Kan bel ɗin ma ya daɗe da shigowa, kuma ta ƙofar fada ya bi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki, wato polo, a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da aka fi ji da su a Afirka. A polo kuwa kowane zagaye minti 7 ne, ɗan wasa yana sauya doki tsakanin zagaye da zagaye, don haka dole kaya su ɗauru da sauri, su kuma daidaitu nan take. Yaran bargar da suka koyi aiki a filayen Katsina da Kaduna da Kano su ne suka fara sanin daɗin abin, kuma ba wuya a gane yadda majayin polo ya lallaɓa ya koma ƙarƙashin sirdin gargajiya. A da irin waɗannan ƙarafa daga Walsall suke fitowa, garin Ingila da ya shahara da sirdi da linzami har ana yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafarsa laƙabi da masu sirdi. Yanzu kasuwar duniya ta karkata Asiya, musamman Kanpur ta Indiya, inda Turawan mulki suka kafa masana'antar kayan dokin soja tun ƙarni na 19, sai kuma Pakistan da Sin.

Inda abin ya fi amfani, a bakin doki ne. Linzamin gargajiya ƙarfe ne mai tsanani: yana da zoben da ke kewaye haɓar ƙasa, da wani tudu da ke tokarar ganda idan an ja. Shi ke sa doki ya taho a guje ya ci birki cak a gaban sarki wajen jafi. Ƙarfe mai irin wannan ƙarfi kuwa, ɗan saɓanin wuri kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Idan ya sauka ƙasa, ya riƙa bugun haƙora, dokin ya ɗora harshe a kansa. Idan ya hau sama, ya tsaga gefen baki. Jinin da akan gani gauraye da kumfa a bakin wasu dawakai bayan hawa, wani lokaci hannun mahayi ne, wani lokaci kuwa linzamin ne ke zaune inda bai kamata ba, saboda kayan kan wani dokin aka ɗinka wa. Rami ɗaya sama ko ƙasa a kumatu yana iya raba doki da wannan azaba, kuma ba a rage ko tuntu ɗaya daga adonsa ba.

To amma ba kowane abu mai ƙyalli ba ne ya cancanci a rataya rai a jikinsa. Kan bel ɗin kirki na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, irin wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913, ko kuma na tagulla zalla. Yawancin masu arha da ke cika kasuwa kuwa zubin tutiya ne da aka yi wa wankan ƙyalli, an yi su ne don jakar hannu da bel ɗin wando. Bambancin yana fitowa ranar da aka matsa musu. Tagulla takan lanƙwashe tukuna, ta ba da sanarwa. Zubin tutiya ɓallewa yake yi farat ɗaya, kuma lokacin da ya fi zaɓa shi ne sa'ar da mahayi ya miƙe a kan likkafa doki yana sukuwa. Akwai kuma na baƙin ƙarfe mai fenti, wanda gumin doki, da yake gishiri ne, yake cinye fentin cikin 'yan watanni, tsatsa ta kama harshen ta ci fatar da ke kewaye da shi.

Mai saye yana da 'yan dabaru. Mayen ƙarfe zai manne wa baƙin ƙarfe mai fenti ya tona masa asiri, amma ba zai kama tutiya ba, kamar yadda ba ya kama tagulla, don haka shi kaɗai bai wadatar ba. Magagari ya fi shi gaskiya: a ɗan goga a bayan kan bel ɗin, tagulla ta gaske rawaya ce har ciki, ta bogi kuwa toka-toka za ta bayyana a ƙarƙashin wankan. A duba kuma ko akwai siririn layin zubi a gefe, da 'yan ƙananan ramuka kamar na soso.

Fatar ma tana da nata. Duk ramin da aka huda rauni ne, kuma nauyi kullum a rami ɗaya yake taruwa. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, babu kamarta wajen ado, amma ba a yi ta don ɗaukar nauyin ƙato ba. Wannan aikin ƙirgi ne mai kauri. Idan hunturu ya busa, fatar da ba ta sha mai ba takan tsage daidai bakin ramin, ta ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an lanƙwasa ta. Mafi muni shi ne ramin da ake ƙarawa da ƙusa ko bakin wuƙa a tsaye a bakin titi, wanda tsaga ce aka fara da hannu.

Sannan sauƙin matsewa ya zo da tasa fitinar. Da ƙulli, ƙarfin hannu ne iyaka. Da kan bel mai bututu, yaro ma yana iya jan majayi har doki ya kasa cika ƙirjinsa da iska. Wannan ba matsalar nan kaɗai ba ce: a wasannin dawaki na duniya an daɗe ana faɗa kan matse maɗaurin hanci, har hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta fito da wani ɗan ma'auni a 2025 da ake zurawa tsakanin maɗaurin da ƙashin hanci, bayan shekaru ana dogaro da awon yatsu biyu. Tsohon zagi ya san doki yakan kumbura ciki idan ana ɗaura masa sirdi, don haka yakan ɗaure sama-sama, ya ja shi 'yan taku, sannan ya ƙara. Kan bel bai zo da wannan sanin a cikin kwalinsa ba, kuma yawancin masu hawan haya ba wanda ya taɓa gaya musu.

Babbar asarar dai tana wajen masu sana'a. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa, aka yi ta murna. Amma hawa ba mahaya kaɗai ba ne. Bayan kowane doki akwai majemi da ya jeme fata da bagaruwa, da baduku, da maƙerin baƙi mai linzami da likkafa, da maƙerin fari mai adon azurfa da tagulla, da mai ɗinkin jalala, da ɗan kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa. Duk majayin nailan da aka sayo a ƙulle cikin leda, aikin mutum biyu ko uku ne a cikin waɗannan ya tafi. Idan aka ci gaba a haka, za a wayi gari abin da ya rage a hannun gida shi ne adon sama kawai, duk abin da ke ɗaukar nauyi kuwa na kwantena.

Kuma babu dalilin da zai sa haka ta faru, don kan bel bai kai linzami wuyar ƙira ba. Maƙerin da ke iya fitar da zoben linzami da tudunsa daga guntun ƙarfe, zobe mai kusurwa huɗu da harshe ba zai gagare shi ba. Masu aikin tagulla na Bida sun fi ƙarni suna fitar da abin da ya fi wannan laushin aiki. Abin da babu shi ne oda, da kuma awo tsayayye, yadda kan bel ɗin da aka ƙera a Kano zai shiga fatar da aka yanka a Zariya. Fadoji ne manyan masu sayen kayan doki, kuma kowace tana da Shamaki ko wani mai kula da barga. Idan masarauta ɗaya ta ce daga bana majayi da maratayin likkafa na dawakinta ƙirgin gida za su zama, da kan bel na tagulla ƙirar gida, a faɗi biyu ko uku da aka amince da su, a gwada kowanne da nauyi kafin a karɓa, hakimai za su bi, masu ba da haya kuma su bi hakimai. Ana ma iya zana masa dagi a fuska, yadda ba sai an ɓoye shi a ƙarƙashin jalala ba.